Ƙara girman tankin mai a jirgin saman da mutum ya haɗa da hannunsa: abin da lita 70 ke janyowa

A Amurka da Birtaniya da Ostireliya da wasu ƙasashe akwai mutanen da ke sayen jirgin sama a wargaje, a kawo musu shi cikin akwatunan katako, su shafe shekaru suna haɗa shi a garejin gidansu, sannan su hau su tashi da shi. Kamfanin da ya fi suna a wannan harka shi ne Van's Aircraft da ke jihar Oregon, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a farkon shekarun 1970, kuma jiragensa masu laƙabin RV da aka kammala aka tashi da su sun haura 10,000. Ba baƙon jirgi ba ne a wurinmu, domin jirgin koyon tuƙi da aka sani da Air Beetle, wanda aka haɗa a Kaduna don rundunar sojin saman Najeriya, samfurin RV-6A ne na wannan kamfani da aka yi wa gyare-gyare, kuma guda 60 aka yi odar kayansu. Dokar Amurka ta yarda mutum ya yi rajistar irin wannan jirgi a rukunin jiragen gwaji, matuƙar shi ya yi mafi yawan aikin da hannunsa domin koyo ko nishaɗi, abin da maginan ke kira dokar kashi 51. Wannan rukuni yana bai wa magini 'yancin da mai jirgin kamfani ba shi da shi, wato ya sauya abin da ya ga dama a ƙirar. Daga cikin sauye-sauyen da aka fi sha'awa akwai ƙara yawan man da jirgin ke ɗauka, kuma a ganina yana cikin waɗanda aka fi raina girman abin da suke janyowa.

Bari mu ɗauki RV-7 a matsayin misali, tunda alƙalumansa sanannu ne. Jirgi ne mai kujera biyu, tankunansa biyu suna cikin gaban fikafikai, kuma jimillar abin da suke ɗauka galan 42 ne na Amurka, kimanin lita 159. Injin da aka fi sa masa, Lycoming mai ƙarfin doki 180, yana shan abin da ya kai lita 34 a awa idan ana tafiya da sauri. Ke nan tanki cike zai kai awa 4 da minti 40 kafin inji ya mutu, sai dai ba wanda ke lissafi haka, domin dokar Amurka ta wajabta wa mai tashi da gani da ido ya tsara tafiyarsa yadda zai isa da ragowar man minti 30 da rana, minti 45 da dare, matuƙa masu hankali kuwa awa guda suke bari. Abin da ya rage na tafiya kimanin awa 4 ne, kuma a gudun kilomita 300 a awa wannan ya kai kilomita 1,100 zuwa 1,250. Ga yawancin mutane wannan ya isa har ya yi yawa, don ba kowa ne ke iya zama awa 4 a kujerar da ba a miƙewa a cikinta, ba kuma bayan gida. Amma akwai waɗanda buƙatarsu ta gaskiya ce: mai tashi a yankin da filayen da ke sayar da man ƙananan jirage suka yi nisa da juna, kamar arewacin Kanada ko tsakiyar Ostireliya ko yawancin nahiyarmu, mai tashi cikin gajimare da na'urori, wanda doka ta ce sai ya tanadi man da zai kai shi wani fili na biyu idan na farko ya rufe, da kuma mai son ƙetare teku, inda tsakanin gaɓar Kalifoniya da tsibirin Hawai kaɗai ya haura kilomita 3,700 ba tare da wurin sauka ba.

Abu na farko da ƙarin mai ke ci shi ne nauyi, kuma lissafinsa ba ya buƙatar injiniya. Litar man jirgi tana da nauyin kilo 0.72. Nauyin da kamfanin ya ƙayyade wa RV-7 idan an yi masa lodi shi ne fam 1,800, kimanin kilo 816, shi kuma jirgin da babu komai a cikinsa yakan kai kusan kilo 500. Saura kilo 316 na mai da mutane da kaya. Idan aka cika tanki, kilo 114 sun tafi, an bar wa mutum biyu da jakunkunansu kilo 202. Yanzu a ƙara lita 70: man kansa kilo 50 ne, sannan ƙarfen tanki da bututu da famfo da waya, a ce kilo 8. Abin da ya rage kilo 144 ne, wato mutum biyu masu kilo 72 kowanne, ba tare da ko jakar hannu ba. Wanda ya yi wannan aiki ya mai da jirgin kujera biyu ya zama jirgin kujera ɗaya da kaya a duk ranar da ya cika tankunansa, kuma kilo 8 ɗin nan na ƙarfe yana ɗauke da su har a ranar da zai yi shawagin minti 20 a kusa da gida.

Wasu maginan kan warware wannan matsala da alƙalami, tunda a Amurka magini ne ke rubuta iyakar nauyin jirginsa a takarda, sai su ɗaga ta sama da abin da mai ƙira ya faɗa. Doka ba ta hana ba, amma iska ba ta karanta takarda. Idan nauyi ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, mafi ƙarancin gudun da fiffike ke buƙata don ya riƙe jirgi yana ƙaruwa da kusan kashi 5, nisan da jirgin zai gudu a ƙasa kafin ya ɗaga yana ƙaruwa da kusan kashi 20, hawansa yana raguwa, kuma ƙafafunsa da birkinsa suna ɗaukar abin da ba don shi aka auna su ba. A rana mai zafi, ko a filin da ke kan tudu inda iska ba ta da kauri, waɗannan ƙananan kaso su ne tazarar da ke tsakanin tayoyin jirgi da bishiyoyin ƙarshen fili. Haka kuma RV-7 yana da iyaka ta biyu mai tsauri, fam 1,600, ga mai son yin wasan juyi a sama, kuma jirgin da aka yi wa ƙarin tanki yana saurin wuce ta.

Nauyi kuma ba yawansa kaɗai ake dubawa ba, har da inda aka ajiye shi, kuma a nan ne hanyoyin ƙara mai suka rabu. Duk jirgi yana da wurin da nauyinsa ya daidaita, kamar yadda mai talla ke neman tsakiyar faranti kafin ta ɗora shi a ka, kuma mai ƙira yana ba da iyaka ta gaba da ta baya da wannan cibiya ba za ta wuce ba. A RV-7 tazarar da ke tsakanin iyakokin biyu kimanin santimita 20 ce, taƙi guda na hannun babban mutum. Idan cibiyar ta yi gaba da yawa, hanci ya yi nauyi, ɗaga shi wajen sauka ya yi wuya. Idan ta yi baya da yawa, lamarin ya fi muni, domin jirgin yana rasa halinsa na komawa daidai da kansa, sandar tuƙi ta yi sakwaf a hannu, kuma idan fiffike ya saki iska jirgin ya shiga hajijiya, wato ya riƙa juyawa yana faɗowa ƙasa, fito da shi na iya gagara.

Hanya mafi sauƙi a ido ita ce a sa tanki a ma'ajiyar kaya da ke bayan kujeru. Ba a taɓa fiffike ba, ana iya cire shi idan an dawo daga doguwar tafiya, kuma masu kai jirage ƙetaren teku sun daɗe suna yin haka. Sai dai akwai wani tarko da ya kamata a tsaya a kansa. Tankunan RV-7 na asali suna gaban cibiyar nauyi, saboda haka yayin da man ke ƙarewa cibiyar tana ja da baya da kanta, ko ba a ƙara komai ba. Tsarin da aka saba shi ne a fara shan man fiffike, a samu wuri, sannan a tura na baya zuwa fiffike da ƙaramin famfon lantarki. To idan famfon ya ƙi aiki fa? Man fikafikai zai ci gaba da raguwa, kilo 50 na baya suna nan daram, kuma jirgin zai iso wurin sauka da cibiyar nauyinsa a mafi munin wuri, ga shi man da ke cikinsa ba ya isa ga inji. Saboda haka lissafin daidaiton nauyi ba a yin sa don lokacin tashi kaɗai; dole a yi shi don kowane hali da jirgin zai iya samun kansa a ciki, musamman wannan na tankin gaba fanko, na baya cike. Ga kuma batun ɗauri. Tsohuwar ƙa'idar ƙananan jirage ta Amurka ta ɗauka cewa a saukar gaggawa abu na iya fizgowa gaba da ninki 9 na nauyinsa, ke nan tankin kilo 50 zai ja maɗauransa da ƙarfin kilo 450, kuma bayan kan matuƙi yake. Ƙasan ma'ajiyar kaya an yi shi ne da siririn alminiyam don jakar tufafi. Sannan duk wani yoyo ko tururin fetur a cikin ɗaki ɗaya yake da mutane da wayoyin lantarki.

Hanya ta biyu ita ce a sa mai a ƙarshen fikafikai, a cikin murfin da ke rufe bakin fiffike ko a bututu mai tsawo da ake zurawa ta cikin haƙarƙarinsa, wato ƙarafan da ke jere a cikin fiffike suna ba shi siffarsa. Masu goyon bayanta suna da hujja mai ƙarfi wadda gaskiya ce. A sama iska tana tura fiffike zuwa sama, gangar jirgi tana jan sa ƙasa, sai babbar azarar da ke cikin fiffiken ta riƙa lanƙwasa a gindinta. Duk nauyin da aka sa a kan fiffiken kansa yana rage wannan lanƙwasa, kuma wanda ke can ƙarshe ya fi ragewa. Shi ya sa kilo 50 a fiffike ya fi kilo 50 a cikin ganga sauƙi ga azara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a ƙasa lamarin juyewa yake yi. Idan jirgi ya daki titi da ƙarfi wajen sauka, ko yana gudu a kan fili mai gargada, babu iskar da ke tallafe fiffike, nauyin da ke ƙarshensa sai ya fizge shi ƙasa. An ga wannan ƙarara a ranar 14 ga Disamba 1986 a sansanin Edwards da ke Kalifoniya, lokacin da jirgin Voyager, wanda Burt Rutan ya tsara ƙirarsa, ya tashi don zagaya duniya ba tare da sauka ko shan mai ba. Tankuna 17 gare shi, man da ke ciki ya kai kilo 3,180, fiye da kashi 70 cikin 100 na nauyinsa duka, kuma fikafikansa sun sunkuya har bakinsu ya riƙa gogar titi, ƙananan fikafikan da ke tsaye a ƙarshensu suka lalace, daga baya suka ɓalle. Matuƙansa, Dick Rutan da Jeana Yeager, sun kammala tafiyar cikin kwana 9, amma jirgin da aka ƙera tun daga tushe don ɗaukar mai ke nan, kuma duk da haka nauyin man ya yi masa abin da ba a shirya wa ba.

Matsala ta biyu ta nauyin ƙarshen fiffike ita ce wadda ba a gani sai an shiga cikinta. Wuyar juya abu, da wuyar tsayar da shi idan ya fara juyawa, suna ƙaruwa ne da nisan nauyin daga tsakiya sau kansa. Faɗin RV-7 daga ƙarshen fiffike zuwa ƙarshen fiffike mita 7.6 ne. Kilo 20 da aka ajiye a nisan mita 3.5 daga tsakiya yana da tasirin da ya ninka na kilo 20 a nisan mita 1 sau 12. A tafiya miƙe wannan ba ya damun kowa, wasu ma suna jin daɗin yadda jirgin ke rage rawa a cikin iska mai hargitsi. A cikin hajijiya kuwa, jelar jirgi ce za ta tsayar da juyin, kuma mai ƙira ya auna girmanta ne da jirgin da ya gwada, ba da wanda aka rataya wa nauyi a baki ba. Idan kuma famfon ɓangare ɗaya ya ƙi, fiffike ɗaya ya fi ɗaya nauyi da kilo 20 a can ƙarshe, matuƙi zai sauka yana danne sanda gefe guda a daidai lokacin da gudu ya ragu kuma ikon sandar ya yi rauni. Akwai kuma karkarwar fiffike, wadda ke tasowa idan lanƙwasa da murɗewa suka haɗa baki a wani gudu, kuma tana iya karya fiffike cikin daƙiƙoƙi. Sauya yadda nauyi ya rarrabu a fiffike yana sauya gudun da take farawa, wani lokaci ya ɗaga shi, wani lokaci ya sauko da shi, kuma ba abu ba ne da ake ganewa da ido a gareji. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mutum ya nemi ƙirar da injiniya ya yi lissafinta aka kuma gwada ta, maimakon ya kwaikwayi hoton aikin wani.

Hanya ta uku, wadda na fi yarda da ita ga wanda bai riga ya gina fikafikansa ba, ita ce a tsawaita tankin asali. Tankin RV ba wani gwangwani ba ne da aka cusa a fiffike. Fatar gaban fiffiken ce kanta aka toshe ta zama tanki, aka ɗaure ta a azara da sukurori. Idan aka ƙara masa ɗaki biyu ko uku na haƙarƙari zuwa waje, mai ya ƙaru, amma tankuna suna nan biyu, bawul yana nan da hagu da dama da rufe, babu sabon famfo, babu abin da matuƙi zai tuna ya kunna. Nauyin yana kusa da inda mai ƙira ya sa shi tun farko. Ba a ce ba ta da nata lissafi ba: maɗauran da ke riƙe tanki a azara suna buƙatar ƙari, sababbin ramukan da za a huda a azara ba a ko'ina ake huda su ba, kuma dogon tanki yana bai wa mai filin gudu. Idan jirgi ya karkata yana zamewa gefe, man da ya rage kaɗan zai kwarara zuwa waje ya bar bakin bututun da ke gindin fiffike yana shan iska. Maganin haka shi ne haƙarƙarin cikin tanki su zama shinge, a kuma sa 'yar ƙofa mai buɗewa ciki kawai a na kusa da gindi, yadda mai zai shigo amma ba zai fita da sauri ba.

Aikin toshe tankin kansa shi ne wanda magina suka fi tsoro. Abin da ake toshewa da shi danƙo ne baƙi-baƙi mai wari, kashi biyu ake haɗawa bisa awo, yana manne wa safar hannu da riga da duk abin da ya taɓa, kuma akwai ƙayyadadden lokaci kafin ya fara daskarewa. Kowace ƙusa sai an tsoma ta a ciki kafin a buga, a kuma rufe kanta ta ciki, bayan an goge ƙarfen tas babu maiƙon yatsa. Idan ya bushe, sai gwaji: a toshe kowace kafa, a ɗaura balan-balan a bakin bututun numfashi ko a haɗa siririn tiyo mai ruwa a ciki, a hura iska kaɗan da famfon keke, sannan a bi kowane layin ƙusa da ruwan sabulu ana neman kumfa, kamar yadda mai faci ke neman huda a tayar mota. Iskar da ake sawa ba ta wuce abin da zai ɗaga ruwa santimita 70 a cikin tiyo. Ga wanda ya ga kamar wannan ya yi kaɗan, ya tuna cewa ruwa mai zurfin santimita 70 a kan murabba'in mita guda kilo 700 ne. Wanda ya jona injin hura taya a tankinsa zai kumbura shi ya ɓata aikin watanni cikin ƙiftawar ido. Tankin da ya fi girma yana da layukan ƙusa da suka fi yawa, kowanne kuma wurin yoyo ne idan an yi sakaci.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan lissafi ne na nauyi da ƙarfe, kuma ana iya kammala shi a kan takarda. Abin da ke yawan kashe mutane shi ne bututu da bawul da hannun da ke juya su. Masu binciken haɗari suna bambanta tsakanin jirgin da mansa ya ƙare da jirgin da ke da mai amma bai isa ga inji ba, kuma ƙara tanki yana rage haɗarin farko ne yana ƙara na biyu. Tanki dole ya yi numfashi, domin duk litar da ta fita sai litar iska ta maye gurbinta. Idan bututun numfashi ya toshe, kuma zanzaro yana son gina ɗakinsa a irin wannan rami, famfo zai ja har tanki ya lotse ko mai ya tsaya. Idan aka haɗa tankuna biyu da bututu amma matsin iskar da ke shiga su bai zo ɗaya ba, ɗaya zai riƙa tura mansa cikin ɗayan har ya malala waje. Idan aka kunna famfon turawa alhali babban tanki bai sauka ba, man da aka sha wahalar ɗaukowa zai fita ta bututun numfashi ya bi iska, matuƙi yana kallon gaba bai sani ba. Fetur kuma yana kumbura da kusan kashi 1 cikin 1,000 a kowane digiri na zafi, don haka lita 230 da aka zuba da sanyin asuba za su ƙaru da fiye da lita 4 idan rana ta ɗaga zafinsu da digiri 20, shi ya sa ƙa'idar jiragen kamfani ta ce a bar aƙalla kashi 2 cikin 100 na tanki fanko. Kowane sabon tanki yana buƙatar nasa wurin tsiyaye ruwa a mafi ƙasƙancin kusurwarsa, da nasa ma'auni. Injin da ke mayar da rarar mai baya kuwa, dole rarar ta koma tankin da aka ɗebo ta.

Labarin da duk mai taɓa tsarin man jirginsa ya kamata ya sani shi ne na mawaƙin Amurka John Denver, wanda ya rasu a ranar 12 ga Oktoba 1997 lokacin da jirginsa samfurin Long-EZ ya faɗa teku kusa da Pacific Grove a Kalifoniya. Ba shi ya gina jirgin ba, saye ya yi, kuma bai daɗe a hannunsa ba. Ba tanki aka ƙara wa jirgin ba. Wurin bawul aka sauya. A ƙirar asali, hannun da ke zaɓar tanki yana tsakanin ƙafafun matuƙi. Wanda ya gina shi ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu, da kyakkyawar niyyar kada bututun mai ya ratsa ɗakin matuƙi. Hannun yana da tauri, babu rubutun da ke nuna inda kowane tanki yake, kuma ma'aunan mai suna baya inda sai da madubi ake ganin su. Denver ya tashi da mai kaɗan, tankin da yake sha ya ƙare, kuma hukumar binciken haɗura ta Amurka ta kammala cewa a yayin da ya murɗa jikinsa don ya kai hannu ga bawul ɗin, ƙafarsa ta danna fedar dama, wadda ke juya jelar jirgi, jirgin ya karkace, kuma yana ƙasa-ƙasa babu tazarar da zai gyara. Gogaggen matuƙi ne mai awoyi masu yawa a sama. Mutumin da ya ƙara tanki na uku da na huɗu, da makunnai biyu na famfo, da tsarin da sai an bi shi daki-daki, ya ƙirƙiri aikin da za a yi shi ne a awa ta biyar ta tafiya, lokacin da gajiya ta kama kuma wataƙila duhu ya fara.

Yawan mai kuma ba ya maye gurbin lissafin iska. Jon Johanson ɗan Ostireliya ya zagaya duniya fiye da sau ɗaya a RV-4 da ya gina ya kuma ƙara wa tankuna. A Disamba 2003 ya tashi daga Niyu Zilan da nufin ratsa Antatika zuwa Ajantina, ya kai tsakiyar ƙarshen duniya na kudu, amma iska mai ƙarfi ta gaba ta cinye masa mai, dole ya juyo ya sauka a sansanin McMurdo da ke Antatika, inda hukumomin wurin suka ƙi sayar masa da mai, sai da matuƙiyar Birtaniya Polly Vacher ta ba shi nata da ta ajiye a can. Kafin a yanka ƙarfe, yana da kyau a gwada hanyar da ba ta buƙatar ƙusa ko ɗaya: a rage wuta. Injin da ke shan lita 34 a awa yana iya komawa kusan lita 26 idan aka sassauta aka kuma daidaita haɗin mai da iska yadda ya kamata, gudu ya ragu kaɗan, nisan da kowace lita ke kaiwa ya ƙaru. Ga mutane da yawa wannan zai ba su rabin abin da suke nema a ƙarin tanki.

Wanda ya auna duk wannan ya ga buƙatarsa na nan, sauran aikinsa gwaji ne. A ɗaga hancin jirgi a ƙasa kamar yana hawa mafi tsanani, a zuba mai kaɗan a tanki, a cire bututu a bakin inji, a auna abin da ke fitowa da agogo da bokiti mai awo. Ƙa'idar da magina ke aro daga jiragen kamfani ita ce kashi 125 cikin 100 na abin da inji ke sha a cikakkiyar wuta idan da famfo, kashi 150 idan mai na gangarowa ne da kansa. Ga injin da ke shan lita 60 a awa wajen tashi, ana neman lita 75 ke nan, lita ɗaya da kwata a minti, daga kowane tanki. A binciken da hukumar haɗura ta Amurka ta fitar a 2012 kan jiragen gida, wato waɗanda mutane ke haɗawa da hannunsu, ta ba da shawarar a wajabta irin wannan gwaji kafin tashin farko. Bayan haka a bar famfo ya ja har ya fara shan iska, abin da ya rage a ciki shi ne man da ba ya amfani, a cire shi daga lissafi. Sannan a cika tanki lita 10 bayan lita 10 ana saita ma'auni da sandar awo, a sake ɗora jirgin a sikeli, a rubuta sabon lissafin nauyi.

Ta fuskar doka, a Amurka wannan babban sauyi ne, kuma takardar sharuɗɗan jirgi takan buƙaci a sanar da ofishin hukumar jiragen sama, a koma yankin gwaji na aƙalla awa 5 ba tare da fasinja ba. A Birtaniya ƙungiyar masu ƙananan jirage da ake kira LAA ce ke sa ido kan irin waɗannan jirage, kuma sai injiniyoyinta sun amince da sauyin kafin a tashi da shi. A cikin awoyin gwajin ana ƙara mai ne mataki-mataki, ana sauya tanki ne a sama sosai kuma a saman fili, ana gwada tafiya a hankali da ɓangare ɗaya ya fi nauyi da gangan, ana kuma kashe famfon turawa don a ga yadda jirgin zai kasance ranar da ya ƙi da kansa. Daga nan sai rubutu: a jikin kowane murfi a sa yawan litar da irin man, a jikin bawul a sa sunan kowane tanki da man da ake iya amfani da shi, a gaban matuƙi a manna jerin yadda ake tura mai da kuma haramcin wasan juyi idan akwai mai a tankunan waje, a littafin jirgi kuma a ajiye zanen bututun duka. Jiragen gida suna sauya hannu, kuma mai saye na biyu ko na uku, wanda bai ga cikin fiffiken ba ranar da aka rufe shi, da wannan rubutun kaɗai zai san abin da ke ciki.